Takardar da Ta Dawo Gidan Nababa

"Takin duka?" in ji Abdulhadi. "Har da na bayan rumbu?"

"Duka," in ji Nababa. "Na turken awaki, da na bayan rumbu, da tokar da Hure ta tara tun kaka. Ka kawo amalanke ka kwashe. Ni dai ka raba mini takardun nan."

Abdulhadi ya leƙa ta ƙofar ɗakin ya dubi tsibin takin, baƙi wuluk, ya ruɓe ya yi laushi. Bazara ce, kowa a Unguwar Dinya yana kai taki gona kafin ruwa ya sauka. A wannan yanki namu na arewacin Kano gona ta bi gona, babu saura, babu hutu, kuma wanda bai zuba taki ba sai dai ya girbe kara. Abdulhadi mai fataucin kaji ne, babur ɗinsa ya san kowace kasuwa daga Tsanyawa zuwa Makoda, amma ba shi da dabba ko ɗaya a turke. Shekara nawa yana haɗiyar yawu a kan takin maƙwabcinsa.

"Guda nawa ne, Baba?"

"Talatin. Cikin kwana tara, yau na biyu. Amma da sharaɗi, Hadi. Ba a jefa wa mutum a kwando. Hannu da hannu, kuma wanda ya iya karatu, kuma ya ce ya karɓa. Sannan ka zo mini da sunansa."

"Har da suna?"

"Amana ce. In ba a karɓa ba, ba ta sauka daga wuyana ba."

Nababa ya haura saba'in. Yana kishingiɗe a jikin bango don kwanciya ta gagare shi, ƙafafunsa sun kumbura har yatsun sun nutse, magana uku sai ya tsaya ya nemo numfashi. Ya miƙo hannu, Abdulhadi ya kama. Hure, matarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, gonar tamu fa?"

"Gonar ta yi haƙuri bana," in ji shi.

Takardar ta shigo gidan ne a ƙunshin kanwa. Hure ta sayo a kasuwa, ta juye kanwar, ta yar da takardar a tsakar gida, iska ta kaɗo ta bakin ɗakin Nababa. Shi kuwa ya yi ajin yaƙi da jahilci yana saurayi, kuma tun daga nan ba ya ganin rubutu ya ƙyale. Ya karanta layi biyu ya gane ta. Wai wani bawan Allah ne a wata ƙasa ta gabas ya yi mafarki, aka ba shi saƙon gargaɗi ga jama'a. Duk wanda ya karanta ya yi talatin irinta ya raba cikin kwana tara. Wani ya raba, ya samu buɗi. Wani ya yi wasa da ita, aka ɗauke masa wanda ya fi so a duniya.

Wannan shi ne gamuwarsu ta biyu. Shekara talatin da wani abu da suka wuce an taɓa miƙa masa ita a ƙofar masallacin Juma'a, ya yi dariya, ya ƙunshe irin tumatir da ita. Watan bai ƙare ba sanƙarau ya ɗauke Zaharaddini, ɗansa namiji tilo, yana da shekara tara. Yanzu saura 'yarsa Juwairiyya kaɗai, tana aure a Gezawa, da cikin fari wata takwas.

Don haka ya kafa doka biyu. Ba zai je asibiti ba sai takardun sun ƙare. Juwairiyya kuma ba za ta tako gidan ba sai sun ƙare, don ta gama sakandare, idonta ya fi nasa saurin kama rubutu, in ta gani ita ma ta shiga. Kullum ta kira wayar uwarta sai ya daure ya gyara murya. "Da sauƙi, 'yar Baba. Zazzaɓi ne. Ki zauna ki huta."

Abdulhadi bai yarda da takardar ba. Ya sha ganinta a tasha tun yana yaron mota, ta tafireta mai shuɗin tawada. A wancan zamani wanda ya raba ta raƙumi ya samu. Da ta sake zagayowa ya zama Fijo. A wannan ta hannun Nababa kuwa biza aka ba shi. Amma mutum ba ya faɗa wa mai taki cewa hajarsa iska ce. Kashegari ya kai ta wurin mai fotokwafi a Tsanyawa, ya dawo da talatin, ya kuma ari amalanken shanu ya yi sahu huɗu kafin azahar.

A hanyar gonar ne dabara ta zo masa. Mai ya yi tsada, ga kuma mutane suna kawo kansu har gida.

"Baba, me zai sa mu je nesa? Masu dubiya fa? Kowa ya zo ya gaishe ka, ka miƙa masa da hannunka. Ka ga ka ji karɓar da kunnenka."

Nababa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Hadi. Kanka yana ja."

A lokacin gidan ba ya rabuwa da mutane. Nababa mutum ne na jama'a, shi ke raba gardamar iyakar gona, shi ke tuna wa kowa wace ɗorawa ce ta wane. Bayan la'asar takalma kan cika ƙofar zaure. Ranar mutum takwas suka karɓa, don babu mai iya mayar wa mara lafiya hannu. Kuma don kada su yi sakaci, Nababa ya ba kowannensu labarin irin tumatir da Zaharaddini, abin da bai taɓa furtawa ba ko ga Hure. Suna fita kowa ya riƙe tasa da yatsu biyu kamar ya ɗauko kunama.

Kashegari uku suka zo. Rana ta biyar babu kowa.

Ba wai mutanen Unguwar Dinya sun yarda da takardar duka ba ne. Da yawa za su ce maka tatsuniya ce. Amma kowa yana da ɗa a gida, kuma babu mai son a gwada a kansa. Masu zuwa masallaci suka koma bi ta bayan gidan mai unguwa. Mata suka daina aiko da kunu. Furera mai ƙosai, wadda kullum da safe takan leƙo ta ce, "Ango, ka tashi?" ta koma gaisuwa ta kan katanga.

Liman Abdulƙadir ne kaɗai ya shigo, ya zauna a kan buzu, ya karɓi takardar ya duba gaba da baya.

"Malam Nababa, wannan abar ta girme ni ta girme ka. Na gan ta da ajami a cikin littattafan kakana, da tawadar hannu. A can ma cewa aka yi mafarkin bara aka yi shi. Yau ma ga shi, bara. Wane irin mutum ne wannan da ba ya farkawa? Ba ta da asali a addini. Rai da ajali ba sa cikin injin mai fotokwafi."

"Na ji, Liman."

"Shekarar da Zaharaddini ya rasu, yara nawa muka kai? Rana ɗaya na sallaci huɗu. Iyayensu duk tumatir suka ƙunshe?"

"Su ban san nasu ba," in ji Nababa. "Nawa na sani." Ya numfasa. "In ƙarya ce, me na rasa? Taki. In gaskiya ce fa, Liman? Kai za ka biya ni Juwairiyya?"

Liman ya yi addu'a ya tashi. A zaure ya tare Abdulhadi. "Kai da kake cin kasuwa goma, ka fi kowa sanin wannan shirme ne. Ka kira yarinyar nan ta zo ta ga ubanta. Mutumin nan ƙirjinsa ya cika da ruwa."

"Ya hana, Liman. Ya sa ni rantsuwa."

Gaskiya ne ya hana. Amma akwai wata gaskiyar da Abdulhadi bai faɗa ba. Ya san Juwairiyya tun tana goye, ya san bakinta. In ta zo za ta cusa takardun a murhu, ta sa uban a mota, sannan ta tambayi wanda ya kwashe takin uwarta. Ga shi saura sahu uku a bayan rumbu. Ya ce a ransa, jibi, in na gama kwashewa.

Ranar kasuwar Makoda ya ɗaure keji a babur, ya sa sha tara da suka rage a aljihun gaba. Ashe labari ya riga shi. Yana kafe babur wani dillalin awaki ya ɗaga murya, "Ga ɗan aiken lahira nan! Kowa ya sa hannu a aljihu!" Aka kwashe da dariya. Mai shayi ya ce masa, "Hadi, in zakara ne miƙo. In takarda ce, ban yi makaranta ba." Mutumin da ke rubuta wa ƙungiyar 'yan kasuwa wasiƙa da Turanci ke nan. Har la'asar huɗu kawai ya iya rabawa, su ma baƙi ne da suka ɗauka tallan magani ne. Kajinsa kuwa babu wanda ya taya, don kowa yana tsoron a haɗa masa da gyara.

Rana ta bakwai da hantsi yana zaune wurin Nababa yana faɗa masa sunayen huɗun, sai Hure ta shigo da takarda a hannu.

"Hadi, ka yar da ɗaya. A ƙarƙashin ƙofar zaure na tsince ta ina shara."

Abdulhadi ya miƙa hannu, amma Nababa ya riga shi. Ba tasu ba ce. Rubutun ya dusashe, kwafin kwafi ne, ya karkace gefe guda. Cikin mutum goma sha ɗayan da suka karɓa a ɗakin nan, wasu sun tsorata sun yi nasu talatin ɗin, waɗanda suka ba wa su ma sun yi. To a ƙasar da ƙauye ke jin kiran sallar ƙauye, ina takarda za ta je in ba ta dawo ba? Wani da ya rasa wanda zai ba wa ya tura ta ƙarƙashin ƙofar da ya samu.

Nababa ya kai ta kusa da ido yana bi da yatsa. A can ƙasa, bayan mai biza, an ƙara layi da biro kafin a buga. Ya karanta a fili, a hankali.

"Wani mutum a ƙasar Tsanyawa ya ƙunshe irin tumatir da ita, ɗansa ya mutu a watan."

Hure ta ajiye tsintsiya. "Wane mutum, Malam?"

Nababa ya ci gaba da kallon takardar. Ta dube shi, ta dubi Abdulhadi, sannan ta fita. Can aka ji ta tana daka, alhali babu abin dakawa a wannan lokaci.

"Wannan sabuwa ce," in ji Nababa. "Na karanta. Wata talatin ke nan, Hadi. Wani kwana taran."

"Haba Baba! Taka ce ta dawo. In ka aiki akuya kiwo ta dawo gida, sabuwar akuya ce?"

"Waccan ba ta da wannan layin."

"Labarinka ne fa! Kai ka ba su da bakinka!"

"Shi ya sa ka ga gaskiya ce," in ji Nababa. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. "Ka duba abin da ya rage a gidan nan ka ɗauka. Akwai akuyar nan mai ciki."

Abdulhadi ya dube shi sosai, karo na farko a kwanakin nan da ya dube shi ba takinsa ba. Leɓɓansa sun yi duhu, kumburin ya haura gwiwa, ƙirjinsa na kuka kamar tukunya a wuta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayen kaji ya san wadda ba za ta kai kasuwa ta gaba ba.

"Bar akuyarka, Baba. Gobe zan gama duka."

Kashegari bai je wurin mai fotokwafi ba. Ya hau babur ya yi gabas, ya wuce ƙauyuka uku, ya tsaya a gindin wata tsohuwar kuka mai kogo a gefen burtali. Takarda mai sunan Allah ba a yar da ita a juji, wannan ko shi ya sani. Ya naɗe sha biyar ɗin da sabuwar, ya zura hannu zai cusa. Hannunsa ya taɓo takarda. Ya jawo, ya ga irinta ce, guda wajen ashirin, an ɗaure da zare, gara ta fara ci. Wani ya riga shi wannan dabarar ma. Ya tura nasa a kai ya toshe da dutse. Sannan ya zauna a inuwa har rana ta karkata yana haɗa sunaye.

"An gama, Baba," in ji shi da la'asar. "Arba'in da biyar. Na tarar da motocin 'yan makarantar horon malamai sun tsaya shan mai. Kowa ya iya karatu, kowa ya ce ya karɓa. Akwai Muhammad Auwal na Daura, akwai Uwais, akwai wata Halimatu Sadiya mai tabarau..."

Nababa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya daɗe yana kallonsa. Shekara arba'in yana sauraron mutane suna rantsuwa a kan iyakar gona, ya san yadda muryar mai ƙarya take. Ko ya gane, ko bai gane ba, Allah ne masani.

"Ka sha rana, Hadi," in ji shi. "Hure, kira mini yarinyar nan. Ki ce ta zo."

Hure ta kira. Wannan karon ba ta ce zazzaɓi ba. Aka ji kukan Juwairiyya ta cikin wayar har tsakar gida. "Inna, tun yaushe? Tun yaushe, Inna?" Mijin ya karɓa ya ce yamma ta yi wa mai tsohon ciki, mota biyu ce, sai sun shiga Kano sannan su samo ta Tsanyawa, amma da sassafe za su kamo hanya. Aka kanga wa Nababa wayar a kunne. Ya buɗe baki, numfashin bai ba shi ba. Abin da ya fita kawai shi ne, "'Yar Baba."

Da safe ya sha kunu cokali biyu. Ya sa aka jawo shimfiɗarsa daidai ƙofa, inda zai hango zaure. Duk babur da ya wuce sai ya ɗaga kai. Rana ta ɗaga kaɗan, Hure ta je ɗauko masa ruwa, ta dawo ta tarar kan ya kwanta a kafaɗa, idon yana kan zauren.

Jana'iza kam an cika, don wannan babu mai gudunta. Waɗanda suka yi kwana huɗu suna zagaye gidan su ne a sahun gaba. Zafin bazara ba ya barin a jira kowa, kafin azahar an kai shi. Ana dawowa daga maƙabarta babur ya sauke Juwairiyya da mijinta a ƙofar gida. Ta ga maza da ƙura a ƙafa, ta ga tabarmi a shimfiɗe. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna a dokin ƙofar zaure da ledar lemu a cinya, wanda ta tsaya ta saya masa a tasha. Abdulhadi ya matso ya ce, "Sai haƙuri, Juwairiyya."

"Kawu Hadi, kai da kake da lambata," in ji ta.

To, ga yadda aka tashi. Mai fotokwafi na Tsanyawa ya yi wata guda injinsa bai huce ba. Abdulhadi ya samu gero bana irin wanda bai taɓa gani ba, zangarniya kamar damtse, sai dai ya daina bi ta ƙofar gidan Nababa, kuma har yau a kasuwar Makoda ɗan aiken lahira ake kiransa. Gonar Hure, da ke jikin tasa, ba ta ba da abin da zai kai ta tsakiyar rani ba. Juwairiyya ta sauka lafiya, mace, kuma Hure ta ce wa duk wanda ya zo barka ai don Malam ya cika talatin ɗinsa ne kafin ya tafi. Abdulhadi yana ji, ba shi da bakin gyarawa. Liman ya yi huɗuba biyu a kan takardar, mutane suka gyaɗa kai, suka ci gaba da tura ta ƙarƙashin ƙofofin juna. Juwairiyya ta rasa ganin ubanta, shi kuma ya rasa ganinta, da tazarar abin da bai fi tafiyar mota biyu ba.

Wadda ta fi kowa riba ita ce takardar. Bayan kaka ta shigo wayar Abdulhadi daga wani abokin cinikinsa na Legas, an buga ta tsaf, an ce a tura wa mutum talatin. Mai tumatir yana nan a ƙasa, an ma ƙara masa: wai ta sake zuwa masa yana tsoho, ya sake yin wasa da ita, ya mutu ranar kwana na tara.

Lemun kuwa Hure ta jera su a bakin tagar ɗakinsa, guda shida. Suna nan, sun bushe sun ƙanƙance sun yi tauri. Babu wanda ya sha, babu wanda ya zubar.